Wai da gaske ne Barewa a Katsina ta fara, kuma yaya ɗalibanta suka rayu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya. Ni ɗan aji shida ne a sakandare nan Katsina. Gardama muke da abokaina, ni nace makarantar Barewa ta Zariya a garin nan aka fara ta, su kuma suna cewa ba haka bane, wani ma yace in dai kwalejin Katsina ake nufi ai ita ce wadda Buhari ya yi. Don Allah a warware mana, kuma a ɗan bamu labarin yadda ɗaliban lokacin suke rayuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi maka albarka. Kai ke da gaskiya. A nan Katsina aka kafa ta a 1921, gwamnan Najeriya na lokacin Hugh Clifford ya zo da kanshi ya buɗe ta ran 5 ga Maris 1922, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ta zauna a nan har 1938 sannan aka maida ta Kaduna, daga Kaduna aka kai ta Zariya a 1949, sunan Barewa kuma sai a 1971 aka raɗa mata. Ginin da ta fara zama yana nan cikin gari, ginin ƙasa ne, shine gidan tarihi na ƙasa da ke Katsina yanzu, kuna iya haɗa kanku ku je ku gani da idonku.

Shi kuma abokinka da ya kawo zancen Buhari, makarantu biyu ya haɗa wuri guda, kuma ba shi kaɗai ba, manya ma suna haɗawa. Marigayi Buhari sakandaren lardi ta Katsina ya yi daga 1956 zuwa 1961, tare da Shehu Musa 'Yar'adua, wadda ita ce ta zama Kwalejin Gwamnati ta Katsina. Lokacin da suka shiga, waccan tsohuwar kwalejin ta kai shekara goma sha takwas da barin garin.

Toh abin da na fi so ka riƙe, don nan ne mutane ke kuskuren fahimta, ba a gina kwalejin nan don ta fidda firimiya ko firayim minista ba. Makarantar horar da malamai ce. Turawa suna da makarantun lardi a Sakkwato, Kano, Bauchi, Borno, Bida da sauransu amma ba su da 'yan ƙasa Musulmi da za su koyar a ciki, kuma ba sa son ɗauko malamai daga kudu don kada su ɓata da sarakuna, sai suka ce bari su horar da nasu. Katsina ta dace da abin da suke nema, gari ne da aka sani da karatu tun zamanin Gobarau da su Ɗan Marina da Ɗan Masani, ga sarki mai maraba da sabon abu in ya ga amfaninshi, ga shi kuma jirgin ƙasa bai biyo ta nan ba, wanda a lissafin Turawa hakan zai nisanta yaran daga jaridu da siyasar Ikko. Shi yasa in ka duba kusan duk waɗanda suka yi suna daga cikinta da alli suka fara. Sardauna Ahmadu Bello ya shiga 1926 ya gama 1931 ya koma Sakkwato yana koyarwa a midil, wato makarantar da ake shiga bayan elementare, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi 1928 zuwa 1933 ya koma midil ta Bauchi, Abubakar Imam a midil ta Katsina ya koyar kafin ya tafi Zariya aikin rubutu, Kashim Ibrahim shi ma malanta ya fara a Borno. Namu na gida akwai Isa Kaita wanda ya riƙe ministan ilimi na Arewa, da Musa 'Yar'adua mahaifin su Shehu da Umaru.

Zancen rayuwarsu kuwa, ka fara cire hoton ɗan makarantar kwana na yanzu daga ranka. Ba yunifom na gajeren wando, riga ce da hula irin ta gida, ɗakunan kuma na ƙasa ne an kasa su gida gida. Yawancinsu ba ƙananan yara ba ne, samari ne da suka riga suka gama makarantar lardi, En'e ɗin garinsu ta zaɓo su ta ɗauki nauyinsu, za su yi shekara biyar. Kuma zuwan kanshi aiki ne, waɗanda suka zo a farkon lamarin daga wurare kamar Sakkwato a ƙasa suke takowa kwana da kwanaki, saboda haka ba maganar in ka ji kewar gida ka leƙa ran Juma'a.

Abin da aka fi matsa masu a kai shine Turanci, musamman na baka. Ba wai ka iya rubutawa kawai ba, a'a, ka buɗe baki ka furta kowane harafi yadda Bature ke furta shi, a maimaita maka har sai ya zauna. Dalili kuwa mai sauƙi ne, wanda zai je ya koyar da yara ɗari in bakinshi ya karkace to na yara ɗarin ya karkace. Wannan horon ne ka ke ji a muryar Tafawa Ɓalewa in aka sa tsofaffin jawabanshi a rediyo. Bayan Turanci akwai lissafi, tarihi, labarin ƙasa da dabarun koyarwa, sannan ga Larabci da addini a hannun malaman gida irin su Malam Bello Kagara, wanda ya daɗe yana koyarwa a nan kafin ya zama Walin Katsina. Da yamma sai fili, ana kurket, ana kuma wasan fayif, wannan da ake bugun ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Sardauna bai bar fayif ba har ya zama firimiya, kuma har yau Katsina na cikin garuruwan da wasan bai mutu ba.

Ni a ganina babban abin da kwalejin ta yi wanda ba ya cikin manhaja shine haɗa su da ta yi. Ka ɗauko Basakkwace jinin sarauta, da Babarbare, da Banufe, da ɗan Bauchi wanda ubanshi ba sarki ba, ka zuba su gida ɗaya shekara biyar suna ci tare suna sallah tare suna faɗa suna shiryawa, kafin nan wani cikinsu bai taɓa fita lardinsu ba. Da siyasa ta zo a shekarun 1950 mutanen nan ba sai an gabatar da su ga juna ba, kowa ya san halin kowa tun suna samari, ya san wanda zai iya ba amana da wanda ba zai iya ba. Wannan zumuncin shi ya haifi ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da ake kira BOBA yanzu, da al'adar nan ta lamba, kowane ɗalibi yana da lambarshi da ba ta canjawa har ya mutu, Sardauna B87, Tafawa Ɓalewa B145, Yakubu Gowon wanda ya yi nashi a Zariya B783. Takensu na Larabci ne, man jadda wajada, wato wanda ya yi ƙoƙari zai samu, kuma sunayen gidajen kwana na Zariya suna riƙe da tarihin Katsina, akwai gidan Clifford, akwai na Bello Kagara, akwai na Nagwamatse.

Amma fa lambobin nan akwai wani abu da suke faɗa wanda ke sosa mani rai duk sanda na tuna. Shehu Shagari ya shiga a Kaduna a 1941, lambarshi B394. Kaga kenan shekara ashirin cur makaranta mafi girma a duk faɗin Arewa ba ta ɗauki mutum ɗari huɗu ba, duk maza, mafi yawa kuma sai wanda sarki ko hakimi ko Baturen makaranta ya nuna. Yara nawa masu kai irin na su Imam suka ƙare a gona da kiwo don ba wanda ya nuna su? Muna alfahari da ita kuma ta cancanta, amma ƙofarta ta yi ƙanƙanta ƙwarai, kuma da gangan aka yi ta haka, Turawa adadin da suke bukata kawai suka horar. Shi yasa da 'yanci ya matso Arewa ta tsinci kanta ba isassun likitoci ba injiniyoyi, har gwamnatin Sardauna ta dinga buɗe makarantu cikin gaggawa tana bin iyaye a ba da yara.

Tashinta daga Katsina ma yana da alaƙa da wannan. Wajen 1930 an faɗaɗa aikinta ta wuce horar da malamai kawai, ana son ta fidda waɗanda za su shiga aikin asibiti, gona da gine-gine, abin da ke bukatar ɗakin gwaje-gwaje da kusanci da ma'aikatun gwamnati, su kuma Kaduna suke. Su Malam Aminu Kano suna cikin waɗanda suka gama a can. A Zariya ne ta zama cikakkiyar sakandare, Murtala Muhammad can ya yi, daga baya aka ƙara mata ajin HSC na shekara biyu da ake yi kafin shiga jami'a, shi ne Umaru Musa 'Yar'adua ya je ya yi ya gama a 1971 bayan ya kammala sakandare a Keffi. HSC ɗin ya tafi da aka kawo tsarin 6-3-3-4, abin da ya fi kama da shi a yanzu shine IJMB irin wanda ake yi a makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa, kuma tunda kana aji shida yana da kyau ka tambayi malamanku yadda ake neman shiga tun kafin sakamakon jarrabawarku ya fito.