Daga kwalbar gwaji zuwa tankin masana'anta: amsa ga tambayar Dakta

Dakta, da na karanta tambayarka cewa aikinku na fitar da man etanol daga karan masara yana tafiya daidai a kwalbar lita 2 amma ya ƙi a babban tanki, har kamfanin da zai zuba kuɗi ya fara ja da baya, sai da gabana ya faɗi, domin ramin da na taɓa faɗawa ke nan.

Mu ma mun tsallaka daga lita 5 zuwa lita 500 kai tsaye saboda wa'adin tallafinmu ya kusa cika. Ba zan manta da wannan daren ba. Haɗin ya yi kauri kamar laka, injin juyawa yana gurnani har na ji ƙaurin waya, ma'aunin zafi na jikin bango yana nuna komai lafiya, alhali a tsakiyar tanki yis, wato ƙwayoyin da ke mayar da sukarin karan ya zama etanol, ya riga ya mutu. Washegari injiniyan kamfanin da muke aiki da shi ya tsaya a gaban ɗalibaina ya ce sakamakonmu a takarda kawai yake aiki, kuma ko tambayata abin da ya faru bai yi ba. Har yau abin yana ci mini rai, musamman da na ji cewa bayan sun janye sun ci gaba da amfani da hanyarmu ta tausasa karan ba tare da ambaton kowa ba. Amana muka yi da su, babu ko takarda ɗaya. Don Allah kada ka sake nuna wa kamfanin naku komai sai jami'arku ta sa hannu a yarjejeniya kan haƙƙin mallaka.

Ka kwantar da hankalinka, bincikenka ba ƙarya ba ne. Idan aka ninka faɗi da tsayin tanki sau 10, abin da yake ɗauka yana ninkuwa sau 1,000, amma bangon da zafi ke fita ta cikinsa sau 100 kawai yake ƙaruwa, shi ya sa zafi yake taruwa a ciki. Ka sa ma'aunin zafi a wurare uku aƙalla, ka riƙa zuba karan kaɗan-kaɗan, kuma ka koma lita 20 kafin ka yi tunanin 200.

Abin da ya riƙa ƙarfafa mini gwiwa shi ne tarihin takin zamani. Masanin kimiyya Fritz Haber ya haɗa amoniya, sinadarin da ake yin takin da shi, a ɗakin gwaji a 1909, amma sai a 1913 injiniya Carl Bosch ya iya tayar da masana'antar Oppau a Jamus, bayan iskar haidurojin ta yi ta fasa masa bututun ƙarfe, kuma sai da aka sauya sinadarin osmiyum mai wuyar samu, wanda ke hanzarta haɗa amoniyar, da baƙin ƙarfe.

Wani abin da na yi sakaci da shi shi ne kayan aiki. Mun saba da tataccen ruwa da kara mai tsabta, amma wanda ya zo a babbar mota cike yake da yashi da danshi. Ka fara gwaji da irinsa tun yanzu, kuma ka lissafa kuɗin sinadaran narkar da karan a kan kowace lita, domin a nan riba take yawan nutsewa.

Ka turo mini siffar abin juyawarku da yawan karan da kuke zubawa a kowace lita, zan duba tsofaffin bayanaina in kwatanta.