Ganyen da ya zama dutse: ta yaya ake gane danginsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Na ga hoton dutse mai ɗauke da shatin ganye siriri kamar allura, aka ce ya yi miliyoyin shekaru. Yaya masana ke gane dangantakarsa da itatuwan yau, kuma ana samun irinsa a duwatsunmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai yiwuwa ganyen da ka gani na dangin konifa ne, wato itatuwan da ba sa fure, waɗanda suka bayyana kimanin shekaru miliyan 300 da suka wuce. Ganye kan faɗa cikin laka, laka ta binne shi ta daskare ta zama dutse, kamar yadda ganyen darbejiya ke barin shatinsa a jikin ɗanyen tubali.

Siffar ganye kaɗai ba ta isa hujja ba, domin itatuwan da ba su haɗa dangi ba sukan yi kama. Shi ya sa masana ke ɓanɓaro siririyar fatar ganyen idan ta tsira, su duba ta da na'urar ƙara girma, su ga yadda ƙananan ƙofofin numfashinsa suka jeru, sannan su lura ko ganyayen suna fuskantar juna a reshe ko a karkace suke. Idan aka dace da ƙunshin ƙwayoyin irin itacen, hujjar ta fi ƙarfi.

A 1941 masanin Japan Shigeru Miki ya lura da irin wannan fuskantar juna a wasu burbushi, wato ragowar tsirran da suka zama dutse, ya raɗa musu suna Metasequoia, yana zaton itacen ya ƙare. Cikin 'yan shekaru aka same shi a raye a Sin, aka tabbatar da hakan a 1948. Haka kuma a 1994 David Noble ya ci karo da itacen Wollemi a wani kwazazzabo a Ostireliya, wanda a da burbushin danginsa na kusa kawai aka sani. Sai dai a ganina kuskure ne a ce irin waɗannan itatuwa ba su canja ba ko kaɗan. Zuriya ce ta ɗore.

Game da duwatsunmu kuwa, manyan duwatsun garin Dutse daga narkakken dutse suka samu, kuma irinsu ba ya adana ganye. Sai a duwatsun da suka samu daga laka da yashi, kamar na yankin kwal na Inugu, ake sa ran samun burbushin tsirrai.