Amsa: Damuwar uba tana bin ɗa?

Malam, ka tambaya ko damuwar uba da cimarsa na shafar ƙwaƙwalwar ɗan da zai haifa. Akwai ƙamshin gaskiya. Ƙwayoyin gado, wato masu ɗauke da halittar da ɗa ke gada daga iyaye, ba sa canzawa, amma maniyyi na ɗauke da alamomin da ke kunna wasu, su kashe wasu, kamar makunnin lantarki.

A 2013, masana a Jami'ar Emory ta Amurka sun koya wa ɓeraye maza tsoron wani ƙamshi, sai 'ya'ya da jikoki suka taso suna saurin razana da shi. Ɓera dai ba mutum ba ne, kada mu wuce gona da iri.

Maniyyi kan ɗauki wajen kwana 74, wato kusan wata uku, kafin ya nuna. To kai da kake kwana biyu ba barci wajen sauke tumatir a kasuwar Mile 12 ta Legas, ga sigari, watanni ukun nan kafin ciki su ne abin lura.