Sallamar malamin yara a shari'ar Yahudawa

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya ko Yahudawa suna da hukunci game da sallamar malami daga makarantar addini, ko kuwa ganin damar masu makaranta ne kawai. Na yi shekaru ina koyar da lissafi a wata makarantarsu a Amurka, kuma an taɓa yin irin wannan shari'a a gabana, don haka zan faɗi abin da na gani da wanda na karanta.

Tushen maganar yana cikin Talmud, babban kundin shari'a da muhawarar malamansu na dā, a sashen Baba Batra, shafi na 21. Wani malami mai suna Raba ya ce idan akwai malamin yara, sai aka sami wanda ya fi shi, kada a cire na farko, domin na biyun zai iya sakin jiki ya yi sakaci. Rab Dimi na garin Nehardiya ya saɓa masa, ya ce kishi tsakanin malamai ƙara ilimi yake yi. Sun kuma saɓa a kan wanda ya kamata a ɗauka tsakanin mai saurin ƙure darasi da mai tsantseni. Raba yana ganin kuskure zai gyaru da kansa, Rab Dimi kuwa ya ce kuskuren da ya riga ya shiga kan yaro ya zauna ke nan. Littafin hukunce-hukuncensu, Shulhan Aruk, wanda aka fara bugawa a 1565, ya bi Rab Dimi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dalilin da suke bayarwa. Sun haɗa malamin yara da mahauci da mai dashen itatuwa da mai yin ƙaho da magatakardan gari, suka ce waɗannan tamkar an riga an gargaɗe su ne, ana iya sallamarsu ba tare da sabon gargaɗi ba idan suka yi ɓarna, domin asarar da suke jawowa ba ta dawowa. Shekarar da yaro ya ɓata ba a sayo masa ita a kasuwa. Babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda ya rasu a Masar a 1204, ya tsananta har ya sa malamin da yake barin yara ya fita, ko yake wani aiki a lokacin darasi, cikin waɗanda Annabi Irmiya ya la'anta saboda ha'inci a aikin Ubangiji.

To, amma a aikace ban ga an yi gaggawa ba. Akwai wani dattijo da ya haura shekara 30 yana koyar da ƙananan yara harafin Ibrananci, har ya kai ana masa magana sai ya sa tafin hannu a bayan kunne, yaran baya kuma suna ta wasansu. Iyaye suka kai ƙara. Rabbi, wato malamin addininsu, da aka kai wa maganar ya fara da shiga ajin da kansa, ya zauna a ƙaramar kujera ta yara kwana biyu yana saurare. Ya yarda cewa yaran suna cutuwa, amma ya ƙi a cire dattijon a tsakiyar shekara, ya kuma hana a tattauna batun a taron iyaye, domin a wurinsu kunyata mutum a bainar jama'a ana kamanta shi da zubar da jini. A ganina ya yi daidai, ko da yake wasu iyayen sun ga an daɗe.

Sai batun kuɗin sallama. Suna jingina shi ga umarnin Attaura cewa kada a saki bawa hannu wofi, kuma al'adar da ta yaɗu a makarantunsu ita ce albashin wata ɗaya a kan kowace shekara ta aiki, wanda shi ne ma'aunin dokar Isra'ila ta 1963. Makarantar ba ta da ƙarfin biya lokaci guda, sai aka raba wa dattijon kuɗin kashi-kashi, aka haɗa shi da mataimaki har shekara ta ƙare, daga baya aka ba shi yara uku-uku masu rauni a karatu yana yi musu bita a wani ƙaramin ɗaki.