Me Ya Fara Faruwa? Tarkon Auna Fahimta

Tambaya: Malam, ina shirin NECO. A auna fahimta nakan gane labari sarai, amma tambayar "me ya fara faruwa?" kullum sai ta kayar da ni. Me ya sa? Ɗaliba daga Zariya.

Amsa: 'Yata, jerin jimloli kike bi, ba jerin lokaci ba. Duba: "Audu ya tafi kasuwa bayan ya ba awaki dusa." Kasuwa aka fara ambata, amma dusar ce farko. Ki ja layi ƙarƙashin "kafin", "bayan", "sannan" da "daga bisani", ki sa 1, 2, 3 a gefen kowane aiki kafin ki duba tambayar. Ki fi kula da "tuni" da "ya riga", domin baya suke mayar da labari.