Ku Tambaya Mu Amsa: Fada Damien da Masu Cutar Kuturta na Molokai

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na ji ana ambaton wani limamin Katolika mai suna Fada Damien, wanda ya zauna cikin masu cutar kuturta har cutar ta kama shi. Wane ne shi? Kuma shin ba sakaci ba ne ya jawo masa cutar?

Amsa: Malama, na gode da wannan tambaya. Sunansa na yanka Jozef De Veuster, ɗan manoma ne da aka haifa a garin Tremelo na ƙasar Beljiyam ranar 3 ga Janairu, 1840. Ba shi aka fara zaɓa don aikin mishan ba, yayansa Pamphile aka zaɓa, amma rashin lafiya ta kwantar da shi, sai ƙanen ya roƙi a tura shi a madadinsa. Ya sauka Honolulu, babban birnin tsibiran Hawai, a watan Maris na 1864, aka naɗa shi fada a watan Mayu, ya kuma yi shekaru yana hidima a ƙauyukan babban tsibirin Hawai.

A 1865, zamanin Sarki Kamehameha na Biyar, an kafa dokar keɓe masu kuturta, kuma daga 1866 aka riƙa kwasar su zuwa Kalaupapa, wani zirin ƙasa a tsibirin Molokai na Hawai wanda teku ya kewaye ta gefe uku, dogayen duwatsu kuma suka tokare bayansa. Bishop Louis Maigret bai so ya tilasta wa kowa zuwa can ba, don haka ya nemi masu sa kai, fada huɗu suka amsa bisa shirin su riƙa karɓa-karɓa. Damien ne ya fara zuwa, ranar 10 ga Mayu, 1873, daga bisani ya nemi a bar shi ya zauna ɗungurum.

Abin da ya fi ratsa ni a tarihinsa shi ne irin aikin da ya yi da hannunsa. A kwanakin farko ƙarƙashin bishiya yake kwana. Shi ne kafinta, shi ne magini, shi ne mai wanke gyambo da ɗaure shi. Ya gina gidaje, ya taimaka aka jawo ruwa da bututu, ya tattara marayu, ya ƙera akwatunan gawa, ya haƙa kaburbura, domin kafin zuwansa akan binne mamata a ramuka marasa zurfi har dabbobi su tone su. A cocin Santa Filomena da ke Kalawao, wani ƙauye a wannan zirin ƙasa, har yau ana nuna ƙananan ramukan da aka huda a daɓe domin waɗanda cutar ta ci musu baki su iya tofar da yawu ba tare da sun fita daga ibada ba. Shi kansa keɓewar ta taɓa shi: wata rana da aka hana shi hawa jirgin ruwa, sai ya tsaya a cikin kwalekwale ya ɗaga murya ya furta zunubansa da Faransanci ga fadan da ke kan jirgin.

Game da sakaci kuwa, gaskiya ne bai kiyaye abin da ku ma'aikatan lafiya kuke kiyayewa ba. Yana cin abinci a ƙwarya ɗaya da majinyata, yana barin su su zuƙi lofensa, kuma mutum ne mai taurin kai wanda ya sha saɓani da shugabanninsa. Sai dai ya kamata a tuna cewa a shekarar da ya isa Molokai ne likita Hansen na ƙasar Norwe ya gano ƙwayar cutar, kuma ba a sami maganinta ba sai a shekarun 1940. A ganina, ya fahimci cewa mutanen da aka raba da iyalansu ba za su yarda da limamin da ke ƙyamar taɓa su ba, shi ya sa ya zaɓi kusantarsu da idonsa a buɗe. Ban ce ki yi koyi da rashin kariyarsa ba, tunda yau cutar tana warkewa da haɗin magunguna da ake bayarwa kyauta, kuma mafi yawan mutane jikinsu ba ya ma kamuwa da ita.

A ƙarshen 1884 ya tsoma ƙafarsa cikin tafasasshen ruwa bai ji zafi ba, nan ya gane abin da ya same shi. Bai ajiye aiki ba. Joseph Dutton ya zo taya shi a 1886, Sista Marianne Cope kuma ta iso a 1888. Ya rasu ranar 15 ga Afrilu, 1889, yana da shekara 49. A 1936 aka mayar da gawarsa birnin Leuven na Beljiyam, a 1995 aka dawo da ƙasusuwan hannunsa na dama kabarinsa na farko a Kalawao, sannan Paparoma Benedict na 16 ya ayyana shi waliyyi ranar 11 ga Oktoba, 2009. Dokar keɓewar da ta kai mutum kusan 8,000 wannan wuri ba a soke ta ba sai 1969.