Zanen yatsa zai iya kama ɓarawon shago a Katsina?

Wani ɗan'uwa daga Ƙofar Marusa ya turo cewa: "Malam an fasa shagon yayana da daddare an kwashe wayoyi. Wai da gaske ana gano ɓarawo da zanen yatsa ko DNA, ko a fim kawai ake yi?"

Allah ya mayar da alheri ɗan'uwa. Da gaske ne, kuma abin ya daɗe, tun 1892 aka kama wata mata a Ajantina da shatin yatsanta na jini a bakin ƙofa bayan ta kashe 'ya'yanta ta laƙa wa maƙwabci. Gwajin DNA kuwa, wato gane mutum ta ƙwayar halittarsa da ke cikin jini ko yawu, Alec Jeffreys ya ƙirƙiro shi a 1984 a jami'ar Leicester ta Ingila, kuma a shari'ar kisa ta farko da aka gwada shi wani matashi gwajin ya fara wankewa daga zargi, wanda har ya riga ya amsa laifin da bai yi ba. Wannan ni ya fi burge ni, don mun san yadda wasu ke amsa laifi in sun ji matsa.

Amma fa a nan wajenmu hujjar tun da asuba take lalacewa. Kafin 'yan sanda su iso an cika shagon da 'yan jaje, wannan ya ɗaga kwaɗon da aka ɓalle yana juyawa, wancan ya jingina da kanta, yaron shago ya ɗauko tsintsiya ya share sawun takalmi wai kar wuri ya yi datti, to me mai bincike zai ɗauka? Ko an samu zanen ma sai da wanda ake zargi ko rumbun ajiyar zanen yatsun mutane da za a gwada da shi. DNA kuma tsada, cibiyar da Legas ta buɗe a 2017 ma an lalata ta lokacin zanga-zangar 2020.

Tunda wayoyi ne, ku bar batun yatsa tukuna. Kowace waya tana da lambar IMEI mai lamba 15 a jikin kwalinta, ranar da aka sa mata layi kamfanin sadarwa zai gani, layin kuma yanzu a haɗe yake da NIN. Yayanka ya tattaro kwalaye da rasit ya kai ofishin 'yan sanda a rubuta, maƙwabcin da ke da kyamara kuma a roƙe shi yau yau, yawancinsu suna goge tsohon hoto da kansu bayan 'yan kwanaki.